Tambayi Malama: Kwali tara na littattafai daga Jidda, wa zai karanta su?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka zo, wato sadakar littattafai, inaga tunda aka fara sake buɗe makarantun da yaƙi ya rufe a wasu wilayoyin Sudan kowa ya fara tunanin me zai kai wa yara. Na zaɓi guda biyar, wasu na rage musu tsawo saboda wuri, masu su a yi min afuwa. Daga Gadarif nake rubutu kamar kullum, in kun ga amsa ta yi jinkiri toh wuta ce ta ɗauke waya ta mutu.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni ɗan Maiurno ne amma na shekara 19 a Jidda ina tuƙi, yarana duk a nan sukai karatu. Na tattara littattafansu tun na aji ɗaya, maƙwabta da suka ji suma suka kawo nasu har wani likita da nake kaiwa aiki ya bani wasu manya na Turanci masu nauyi, yanzu kwali 9 ne jibge a ɗaki har uwargida ta fara ƙorafi. So nake in sa su a jirgin ruwa zuwa Sawakin daga can a wuce dasu makarantar garinmu. Me kika gani? Daga wani direba, Jidda.

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri ya karɓi niyya. Amma dan Allah kafin ka biya ko riyal ɗaya na dako, ka shimfiɗa tabarma ka zazzage kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, ka kira uwargida ta tayaka tunda dama ita ta fi matsuwa su bar mata ɗaki.

Bari in baka labarin abinda na gani da idona lokacin ina koyarwa a Madani, tun kafin yaƙi. Wata rana aka ce mana ga bayin Allah sun kawo gudummawar littattafai, aka share fili aka jera yara cikin rana aka yi musu hoto kowa riƙe da littafi yana murmushi, baƙi suka sha shayi suka tafi. Da muka zauna buɗe kaya wallahi sai muka kalli juna. Littattafan lissafi ne da wasu yaran suka riga suka cike amsoshin da biro, ga na koyon kwamfuta na zamanin da, ga wani ƙato na aikin injiniya da Faransanci wanda ko mu malamai ba mai iya karanta sunansa. A cikin tulin nan duka abinda yara suka yi rububinsa wasu 'yan siraran littattafan labari ne masu hotuna, basu kai ashirin ba. Sauran aka zuba a sito aka kulle, damina ta zo rufi yayi yoyo, gara ta samu abinci. Bayan kamar shekara na sayi agashe, wato tsirenmu na nan, a bakin kasuwa, ina warware takardar sai ga zanen injin ɗin nan na Faransanci duk ya jiƙe da mai da ƙuli. Nayi dariya ni kaɗai a hanya amma har raina ban ji daɗi ba, don na san wani ya kashe kuɗinsa ne saboda Allah.

Toh ga yadda zaka ware. Littattafan makaranta na manhajar Saudiyya ka barsu can ka bai wa masu buƙata a unguwarku, domin manhajarmu daban ce, tarihi daban, labarin ƙasa daban, yaro kuma da manhajar Sudan za a jarraba shi. Mu kanmu nan manhajar ta sauya, da shekara 8 ake yi a asas, wato firamare, sannan 3 a sakandare, bayan sauyin 2019 aka koma 6 da 3 da 3 aka dawo da mutawassiɗa, wato makarantar tsakiya, kaga ko tsofaffin littattafan ƙasar nan ba duka suke da amfani ba yanzu balle na wata ƙasa. Na likita kuwa ba na yaran firamare bane, ka nemi ɗalibin likitanci ka bashi zai yi maka addu'a har ya gaji.

Abinda zaka riƙe da hannu bibbiyu shine littattafan labarai na Larabci masu wasali, manyan baƙaƙe, hoto a kowane shafi. Su ne zinariya. Sai ƙamus na yara, taswira, labaran annabawa da sahabbai da aka sauƙaƙa, littattafan dabbobi da taurari da jikin ɗan Adam. Ba mamaki kwali taranka ya koma biyu, kada ranka ya ɓaci, biyun nan sun fi taran.

Sannan kayi lissafin hanya. Daga Sawakin sai an bi ta Kasala, Gadarif, Madani kafin a gangara Sinnar kusa da Maiurno, wajen kilomita 1,000 kenan, ga kuɗin jirgi ga na fito a tasha ga 'yan dako, takarda kuma nauyi gareta kamar dutse. Kuɗin da zaka rage in ka rage kaya, ka kira shugaban makarantar ka tambaye shi me ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa zai ce maka littafin karatu na aji ɗaya da na biyu, wanda yara biyar shida ke taruwa kan guda ɗaya. Manhajarmu cibiyar Bakht ar-Rida ce ke tsara ta a Duwem, kuma kwafinta na yawo a wayoyin malamai, in aka samu kuɗin takarda da tawada a nan kusa ma sai a buga a ɗinke a raba. Ka haɗa da littafin rubutu da fensir da alli, ba a yi musu hoto amma su ake nema kullum.

Abu na ƙarshe, naji kace maƙwabta sun kawo nasu, littafi ba laifi. Amma kar ka ce zaka buɗe gurup a WhatsApp kana karɓar kuɗin jama'a, a Saudiyya tara kuɗin taimako ba da izinin hukuma ba laifi ne, kar garin neman lada ka jawo wa iƙamarka, takardar izinin zamanka, matsala.

TAMBAYA: Anti sannu da ƙoƙari. Mu a gida Hausa muke yi amma ƙannena ko kalma ɗaya basu iya karantawa da Hausa ba, Larabcin ma da ƙyar. Wata 'yar uwarmu a Kano tace zata turo mana littattafan Hausa masu yawa mu buɗe 'yar maktaba a hillarmu, wato unguwarmu, nikam murna nake amma mamana tace ɓata kuɗi ne wai ba mai karantawa. Waye da gaskiya a cikinmu? Daga wata ɗaliba, Kasala.

AMSA: 'Yata ku duka biyun kuna da gaskiya, amma ta Mama ta ɗan fi taki nauyi, kiyi haƙuri.

Littattafan da za a sayo miki a kasuwar Kano kusan duk da boko aka rubuta su, wato baƙaƙen Turawa. Mu kuma Hausawan Sudan tarihinmu ya bi wata hanya. Kakanninmu da yawa sun baro ƙasar Hausa ne suna gudun mulkin Nasara, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a har suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar, garin da har yau sunansa yake ɗauke dashi, wato Maiurno. Wasu hanyar hajji ce ta kawo su a ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira ko dawa a nan Gadarif, aka hayayyafa. Bokon Hausa kuwa a makarantun Najeriya da Nijar ya yi ƙarfi bayan mun taho. Shi yasa zaki ga dattijo a nan Hausa a bakinsa kamar yau ya baro Sakkwato, in kika miƙa masa jaridar Hausa sai ya juya ta ya miƙo miki, amma ki bashi waƙar wa'azi da ajami ki ga yadda zai rera ta. Ko tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi da ake bugawa a Madina, alhazai suna kawo ta tsaraba, da boko take, a gidaje da yawa tana nan a saman kabad an lulluɓe ta da ƙyalle.

Ni abinda nake yi da yaran unguwarmu, kuma na ga amfaninsa, shine in fara da baƙaƙen da suka riga suka sani daga allo da makaranta. Sai in rubuta musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da baƙaƙen Larabci a babbar takarda, da wasali cikakke. Akwai wata yarinya 'yar kamar shekara tara, marar magana, kullum tana can baya da ƙaninta a goye. Ranar ta sa yatsa tana haɗa baƙi, ga, ta, nan, sai ta tsaya cak ta ɗago ta dube ni tace "Malama ai gatanan gatananku ce!" da ƙarfi har yaron bayanta ya farka. Ita duk zatonta rubutu abu ne da ake yi da Larabci kawai, bata taɓa sanin maganar kakarta ma tana shiga takarda ba. Tun daga ranar ta dawo layin gaba, kuma abin mamaki Larabcin nata ma ya miƙe, don yanzu ta gane cewa baƙin nan sauti yake ɗauke dashi ba hadda ba ce kawai.

Ajami yana da 'yan wahalhalunsa, ban ɓoye miki ba. Larabci bashi da ɓ, bashi da ts, wasalin e ma sai an ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi irin na imala da masu karatun Warshu suka sani, kuma kowane malami da yadda ya saba rubutawa. Ki samu wani tsoho a masallacin hillarku ya nuna miki nasa salon ki tsaya a kansa, kar ki riƙa canzawa yara su rikice. Ki zauna da Mama da kakarki su baki tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin daka, ki rubuta da hannunki, ki kai a yi miki hoto kwafi goma goma. Kin ga kin samu littafin da babu shi a kowace kasuwa.

'Yar uwarku ta Kano kuma kar ki hana ta lada. Ki ce ta turo kaɗan, na koyon karatu na 'yan firamare da na tatsuniyoyi, kamar guda talatin sun isa a gwada. Yaran da suka fara Ingilishi a makaranta basa daɗewa suke kama bokon Hausa, in kika nuna musu ƙ da ɗ da ɓ shikenan sauran sauƙi ne, yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Amma ki ja mata kunne kar ta ciko miki buhu da littattafan soyayya na manya, ba don na raina su ba, ni ma na sha karantawa a ɓoye, sai dai maktabar yara ce kika ce, ranar da liman ya buɗe ɗaya ya ci karo da hirar saurayi da budurwa ranar za a rufe miki ɗakin.

TAMBAYA: Ustaza, ni mataimakin shugaban makaranta ne. An bamu littattafan labarai masu kyau kusan 200, na kulle su a kabad ɗin ofis saboda wallahi in na sake su wata ɗaya bazai cika ba sun ɓace ko sun yayyage, kuma masu bayarwa zasu dawo su tambaya. Ya zanyi? Daga wani malami, wilayar Sinnar.

AMSA: Malam na fahimce ka sarai, na zauna a irin kujerarka. Amma gaskiya ɗaya ce, littafin da ke kulle a kabad da wanda aka sace duk ɗaya suke wajen yaro, sai ma in ce wanda aka sace ya fi, don ƙila wani yana karanta shi a gida.

Ka raba su gida gida, kowane aji a bashi kamar ashirin zuwa talatin a cikin akwatin ƙarfe ko ma buhun shinkafa da aka ɗinke masa aljihuna aka rataye a bango, bayan wata ɗaya azuzuwa su yi musaya. Kowane littafi a buga masa hatimin makaranta a shafin farko da tsakiya, a rubuta masa lamba, a sa masa rigar leda. Rajistar aro kuma ka damƙa ta a hannun yara biyu a kowane aji, mace da namiji, ba malami ba. Wallahi yaro in ka bashi muƙami ya fi ɗan sanda tsanani, ni na taɓa ganin wata 'yar aji huɗu ta bi ɗan ajinsu har gida da magariba ta tsaya a ƙofa tace bata tafiya sai an fito mata da littafi mai lamba 17.

Wasu zasu ɓace, wasu zasu yage, ka sa wannan a ranka tun yanzu kuma ka faɗa wa masu bayarwa tun kafin su tambaya. In mutanen kirki ne, littafin da ya yi laushi ya yi baƙi da hannun yara shi zai faranta musu. Kar ka ce za a ci tarar kuɗi, iyayen da ke neman na kisra, abincin yau da kullum, in suka ji tara zasu hana yaran ɗauka gaba ɗaya. Wanda ya yaga a bashi gam da zare ya gyara a gaban 'yan aji, ya isa.

Maƙiyanka na gaskiya ba yara bane, gara ce da ruwa. Kar akwati ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon laka, a ɗora shi kan bulo, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, kafin damina a duba rufi. Sannan ka ware minti ashirin ko da sau biyu ne a mako malami ya karanta wa aji labari da murya, yana kwaikwayon muryar kura da ta zaki, in ya zo daidai wurin daɗi ya rufe littafin yace sai wani makon. Zaka ga layi a gaban akwati.

TAMBAYA: Malama ni dai ban gane ba. Mutane na kwana da yunwa, 'yan gudun hijira cike da makarantu, ku kuna maganar littafi? Wannan ba rainin hankali bane? Daga wani mai karatu, Bur Sudan.

AMSA: Ɗan uwa ban ga laifinka ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma maƙwabcinka bai ci ba, kai kuɗin takiyya, wurin da ake dafa abincin sadaka a unguwa, a dafa wake, ba sai ka tambayi kowa ba. Ni kaina da muka fito daga Madani a Disambar 2023 ban ɗauko littafi ko ɗaya ba, na shekara ashirin ina tara su, takardun gida da maganin hawan jini na ɗauka.

Sai dai ka duba wani abu. Tun 15 ga Afrilu 2023 aka rufe makarantu, a Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, 'yan shahadar sakandare na 2023 ma sai ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama jarrabawa. Yaron da yake aji ɗaya lokacin da aka fara harbi, ya girma ya kai shekarun aji uku ko huɗu bai san haɗa baƙi ba, wanda ya fara iyawa kuma ya manta. A da ana mana kirari wai Alƙahira ta rubuta, Beirut ta buga, Khartum ta karanta, har kasuwar tsofaffin littattafai ake shimfiɗawa a ƙasa a dandalin Atine na Khartum duk wata, mafrush ake ce mata. Waɗannan yaran in aka barsu sai an gama komai, wa zai karanta?

Kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. Yara suna zaman jiran abinci a takiyya awa ɗaya awa biyu da kwanukansu suna faɗa da juna. Tabarma ɗaya, littafi goma, da budurwa ɗaya mai haƙuri, mun gwada a nan unguwarmu, masu rabon abincin ma sun ce hayaniya ta ragu.

TAMBAYA: Hajiya ina so in yi wa mahaifina sadaka mai gudana, Allah ya jiƙansa. Alƙur'anai zan saya in kai halwa, wato makarantar allo, ko littattafan boko ma suna da lada? Daga wata baiwar Allah, Makka.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ke kuma ya baki masu yi miki. Ni ba mai fatawa bace, amma hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Yaron da ya koyi karatu a littafin da kika saya, da wannan karatun zai buɗe Mus'hafi, da shi zai karanta takardar magani. Sauran bayani ki tambayi malamai, ga su nan kewaye dake a Harami.

In halwa kika zaɓa toh ki fara tambayar shehin wurin da wace ruwaya yake karantarwa. Wanda zaki samu a shagunan Makka galibi Hafsu ne, a Sudan kuwa halwoyi da yawa Duri suke yi, tsofaffin malamanmu Hausawa kuma Warshu suka tashi da ita da irin rubutunta na ɗigon fa a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf. Kai wa mai Warshu kwalin Hafsu zai karɓa yayi godiya ya ajiye a taga. Kuma ki tambaye shi ko Alƙur'anin ne ma suka rasa, don akwai halwar da na shiga Mus'hafai jere har sun yi ƙura, abinda babu shine alluna da tabarmi da fitila mai aiki da hasken rana, almajirai suna karatun asuba da tocilan ɗin wayar malam, ita ma cajinta rabi.

Masu tambaya kan kuɗin rajistar 'yan gudun hijira da suka rasa takardun makarantarsu, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu, ina jiran wani malami ya dawo daga Sinja in tabbatar da abu ɗaya a bakinsa.